Daga Ƙwallon Girinwic zuwa Tauraron Ɗan'adam: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Tambayar Lokaci

Bahaushe bai rasa sunayen lokaci ba. Yana da asuba da hantsi da walaha, yana da azahar da la'asar da almuru, kuma duka rana ce ke yanka masa su. Kalmar agogo kuwa aro ce daga Yarabanci, inda take nufin ƙararrawa, daƙiƙa kuma daga Larabci, inda take nufin minti, ko da yake a bakin Hausawa wani minti yake nufi da ita, wani kuma sakan. Don gudun ruɗani, sakan zan riƙa cewa a nan, domin batun da ke gabanmu ya shafi mutanen da suka raba sakan ɗaya gida miliyan, suka kuma damu da kowane kashi.

A cikin kwamfuta akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse mai sheƙi da ake kira kwas, wanda lantarki ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan. Da ƙidayar wannan karkarwa agogonta ke tafiya. Sai dai zafi da sanyi da tsufa suna sauya saurin dutsen. Kuskuren kashi 10 cikin miliyan kaɗai ya isa ya sa agogo ya yi gaba ko baya da kusan sakan ɗaya a kowace rana. Ga mai jiran baƙo wannan ba komai ba ne, amma ga bankuna biyu da ke son sanin kuɗin wa ya riga shiga, ko turakun wayar salula da ke miƙa wa juna kira, babban al'amari ne. Har rai ya taɓa salwanta a kan haka. Ranar 25 ga Fabrairun 1991, a Zahran ta ƙasar Saudiyya, na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot ta kasa tare wani makami mai linzami, sojojin Amurka 28 suka mutu. Kwamfutarta ta yi kimanin awa 100 tana aiki ba a sake kunna ta ba, wani ɗan kuskure a yadda take ƙirga lokaci ya taru har ya kai kusan sulusin sakan. A wannan ɗan taƙi makamin ya ci fiye da rabin kilomita.

Raba lokaci daga agogo guda zuwa ga jama'a ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Tun 1833 ake sako wata ƙwallo daga kan rufin gidan nazarin taurari na Girinwic da ƙarfe ɗaya na rana, domin matuƙan jiragen ruwa da ke kogin Landan su gani su daidaita agogunansu. A 1884 wakilan ƙasashe 25 suka taru a Washinton suka ɗauki layin Girinwic a matsayin mafarin awon duniya. Layin nan ya ratsa garin Tema na ƙasar Gana, kuma agogon Ankara daidai yake da na GMT, alhali Yamai da Yawunde da Injamena suna gaba da awa ɗaya.

Ƙwallo sai wanda ke kusa ke ganinta. Rediyo ce ta kawar da wannan iyaka. A 1910 aka fara watsa alamar lokaci daga hasumiyar Eiffel a Faris, a 1924 kuma BBC ta fara sa ƙararta shida a kan awa, wadda duk mai sauraren tashar ya san ta. Amma wane agogo ne za a watsa? Har zuwa lokacin, juyawar duniya ce ma'auni, ga shi kuwa juyawar ba ta da daidaito. A 1955 Louis Essen da Jack Parry suka haɗa agogon atom mai aiki da sinadarin siziyam a Ingila, a 1967 kuma aka sake fassara sakan da cewa shi ne tsawon karkarwa 9,192,631,770 ta hasken da ke da alaƙa da wannan atom. Daga nan taurari suka sauka daga kujerar alƙalanci.

Tashoshin da aka gina domin na'urori, ba domin kunnen mutum ba, su ne suka fi ba ni sha'awa. Amurka ta buɗe WWVB a jihar Kolorado a 1963. Jamus kuma tana da DCF77 kusa da Firankfot, wadda ta fara aika kwanan wata da lokaci a 1973. Dabararta mai sauƙi ce ƙwarai: a farkon kowane sakan sai ta rage ƙarfin zangonta, gajeren ragi na nufin sifiri, dogon ragi na nufin ɗaya, sakan na ƙarshe kuma ta bar shi ba alama don a gane sabon minti ya zo. Cikin minti ɗaya ƙaramar na'ura ta karanta awa da rana da wata da shekara. Illa dai zangonta bai wuce kimanin kilomita 2,000 ba, Yamai kuwa tana nesa da fiye da 4,000. Wannan ni'ima ba ta taɓa zama tamu ba.

Da kwamfutoci suka fara magana da juna, sai wata matsala ta taso. A ce ka aiki yaro gidan mai agogo ya tambayo maka lokaci. Kafin ya dawo, amsar ta tsufa. David Mills, wanda ya yi yawancin aikinsa a Jami'ar Delawe ta Amurka, shi ya warware wannan da tsarin NTP, wanda aka wallafa bayaninsa na farko a 1985. Ana rubuta lokuta huɗu: sa'ad da tambaya ta tashi, sa'ad da ta isa, sa'ad da amsa ta tashi, da sa'ad da ta iso. Daga nan a fitar da tsawon tafiyar, a raba biyu, a gyara agogo. Tsarin ya ɗauka cewa zuwa da dawowa tsawonsu ɗaya ne, kuma a nan rauninsa yake, domin a intanet ba kullum haka ke faruwa ba.

Mills ya kuma jera kwamfutoci hawa-hawa. Wadda ke haɗe kai tsaye da agogon atom ko na'urar kama rediyo ita ce hawa na 1, wato ganau. Wadda ta ji daga gare ta hawa na 2 ce, jiyau ke nan, haka har ƙasa. Kuma kwamfuta ba ta dogara ga mai ba da labari guda. Takan tambayi da yawa, ta watsar da wanda maganarsa ta saɓa wa ta sauran. Mills ya rasu a Janairun 2024, tsarinsa kuwa na nan yana aiki a duk faɗin intanet.

Abin da ya sanya Agadas da Firankfot a sahu ɗaya shi ne GPS. An harba tauraronsa na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Jama'a sun san shi da nuna hanya, amma a haƙiƙa agoguna ne na atom da ke shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne yana shelar lokacinsa. Saƙon na tafiya da saurin haske, saboda haka kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na sakan daidai yake da mita 300 a ƙasa. Na'ura na buƙatar taurari huɗu: uku don gano wuri, na huɗun don gyara agogonta. Ashe duk wanda ya san inda yake ta wannan hanya, ya san lokaci ma. Da eriya ƙarama a kan rufi, kowace jami'a a Sahel na iya mallakar kwamfutar hawa na 1.

Dogaro da tushe guda na da nasa haɗari. Ranar 26 ga Janairun 2016, sa'ad da ake sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, wasu taurarin GPS suka watsa lokaci mai kuskuren kashi 13 cikin miliyan na sakan, kayan sadarwa a wurare da dama suka shiga kuka na sa'o'i. Akwai kuma rigimar ƙarin sakan. Tun 1972, duk lokacin da juyawar duniya ta ja baya ga agogon atom, akan ƙara sakan ɗaya a lokacin duniya na UTC, sai a sami minti mai sakan 61. An yi haka sau 27, na ƙarshe a daren 31 ga Disambar 2016. Kwamfutoci da yawa ba su san da irin wannan minti ba. A ƙarshen Yunin 2012 ƙarin sakan ya durƙusar da shafuka irin su Reddit, ya kuma jinkirta jiragen kamfanin Qantas a Ostireliya. A Nuwamban 2022 babban taron ma'aunai na duniya da aka yi a Faransa ya yanke shawarar daina wannan ƙari nan da 2035, a bar agogon atom da juyawar duniya su riƙa nisantar juna sannu a hankali.