Thames Ironworks F.C.

Thames Ironworks Football Club ƙungiyar ƙwallon ƙafa ce ta ma'aikatan wani kamfanin ƙera jiragen ruwa a gabashin Landan, ƙasar Ingila. An kafa ta a shekarar 1895, aka rushe ta a 1900, kuma daga cikinta ne ƙungiyar West Ham United ta samo asali. A cikin shekaru biyar kacal ta tashi daga wasan nishaɗin ma'aikata zuwa ƙungiyar 'yan wasa masu karɓar albashi.

Kafuwa

Kamfanin Thames Ironworks and Shipbuilding Company yana bakin Kogin Thames ne, a yankin Canning Town da Blackwall, kuma shi ya ƙera jirgin yaƙi HMS Warrior a 1860. Shugabansa, Arnold Hills, tsohon ɗan ƙwallon Jami'ar Oxford ne, wanda ya taɓa buga wa Ingila wasa da Scotland a 1879. Bayan yajin aikin da ya addabi kamfanin tsakanin 1889 da 1891, Hills ya riƙa kafa ƙungiyoyin wasanni da kiɗa domin gyara dangantaka da ma'aikata, da kuma nesanta su daga shan giya.

Dave Taylor, mai kula da ma'aikata a sashen ƙera jirage kuma alƙalin wasa, shi ne ya kawo shawarar kafa ƙungiyar ƙwallo. An sanar da ita a jaridar kamfanin a watan Yunin 1895, inda ma'aikata kusan 50 suka biya sule biyu da sisi kowannensu a matsayin kuɗin shekara. Ƙungiyar ta gaji filin Hermit Road da wasu 'yan wasa daga Old Castle Swifts, wadda ta durƙushe a shekarar.

Shekarun farko

Wasanta na farko na sada zumunta ne da 'yan rukuni na biyu na Royal Ordnance, ranar 7 ga Satumba 1895, aka tashi kunnen doki 1–1. A watan Oktoba Chatham ta fitar da ita daga gasar Kofin FA da ci 5–0, amma kafin ƙarshen kakar ta ɗauki kofin West Ham Charity Cup bayan ta doke Barking.

Da yake 'yan wasan suna wuni a bakin aiki, injiniyoyin kamfanin sun kafa fitilun lantarki a kan turaku domin a yi wasa da dare, ana tsoma ƙwallon a ruwan farar ƙasa don a riƙa ganinsa. A haka ta kara da Woolwich Arsenal da West Bromwich Albion a watan Maris 1896.

A ƙarshen 1896 aka tashe ta daga Hermit Road saboda saɓa yarjejeniyar haya, ta koma Browning Road na ɗan lokaci. Hills ya gina mata filin Memorial Grounds da kuɗinsa, aka buɗe shi a watan Yunin 1897. Ta zo ta biyu a gasar London League a kakar 1896–97, sannan ta lashe gasar a kakar da ta biyo baya.

Shigowar albashi

Hills mutum ne da yake ganin wasa don lafiya da tarbiyya ake yin sa. Sai dai cika babban fili yana buƙatar nasara, nasara kuma tana buƙatar gwanayen 'yan wasa. A 1898 ƙungiyar ta fara biyan albashi, ta shiga rukuni na biyu na Southern League, ta kuma lashe shi a kakar 1898–99. Daga nan aka riƙa ɗauko 'yan wasa daga wasu ƙungiyoyi, ciki har da Syd King a 1899, har ma'aikatan kamfanin suka yi ƙaranci a cikin tawagar. A rukuni na ɗaya ta sha wahala, ta ƙare ta biyu daga ƙasa, sai da ta doke Fulham 5–1 a wasan raba gardama kafin ta tsira daga faɗuwa.

Rushewa da abin da ta bari

An rushe ƙungiyar a watan Yunin 1900, aka yi rajistar West Ham United ranar 5 ga Yuli a matsayin kamfani mai zaman kansa da hannayen jari. Sabuwar ƙungiyar ta ci gaba da wasa a Memorial Grounds har zuwa 1904, lokacin da ta koma Boleyn Ground. Kamfanin ƙera jiragen kuwa ya rufe a 1912.

Har yau tambarin West Ham yana ɗauke da guduma biyu a gicciye, irin waɗanda maƙera jirage ke buga ƙusoshi da su, kuma magoya baya suna kiran ta "Hammers" da "Irons". Arsenal da Manchester United ma daga ƙungiyoyin ma'aikata suka faro: ta farko a masana'antar makamai ta Woolwich a 1886, ta biyu a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Newton Heath a 1878.