Daga Zango Zuwa Gidan Abinci: Tarihin Cin Abinci a Waje a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Gabatarwa

Duk lokacin da aka tashi maganar tarihin Birnin Kudu da Gwaram, abin da aka fi kawowa shi ne sarauta da yaƙe-yaƙe da zane-zanen da ke jikin duwatsu. Ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da mutane suka ci ba, balle a tambayi inda baƙo yake samun abin sawa a baka idan dare ya yi masa a hanya. Alhali kuwa cimar al'umma tana bayyana irin nomanta da kasuwancinta da tarbiyyarta. A wannan maƙala zan bi sawun yadda sayen abinci a wajen gida ya faro a wannan yanki, da yadda ya sauya tun daga zamanin fatake har zuwa yau. Daga nan sai in nuna abin da muka samu, da kuma abin da ke neman kuɓuce mana.

Ƙasa da Cimarta

Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, suna maƙwabtaka da Jihar Bauci. A da ƙasar Kano ce, a yau kuwa suna ƙarƙashin masarautar Dutse. Damina ta fi albarka a nan idan aka kwatanta da arewacin jihar, don haka dawa da gero da masara da wake da gyaɗa suna yi, ga kuma fadamu na shinkafa da kayan lambu. Itatuwan kuka da ɗorawa da tsamiya su ne rumbun miya da kunu.

Kiwo ma tsohon abu ne a wannan ƙasa. Zane-zanen da ke Dutsen Mesa da Dutsen Habude, waɗanda Bernard Fagg na Hukumar Kayan Tarihi ya yi nazarinsu a tsakiyar shekarun 1950, yawancinsu na shanu ne, har da irin marasa tozo waɗanda ba a ganin su a garkunanmu yanzu. Saboda haka haɗuwar hatsin manomi da nonon makiyayi, wadda ta haifar da fura da nono da tuwo da man shanu, tana da saiwa mai zurfi a nan.

Baƙo da Masauki

Abu na farko da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, a al'adar da muka gada, magidanci ba ya cin abinci a kasuwa. Ana ɗaukar haka a matsayin zubar da girma, har malaman fiƙihu sun lissafa shi cikin abubuwan da ke rage mutuncin mai ba da shaida. Abinci na gida ne. Da almuru a fito da akussa zaure ko ƙofar gida, maƙwabta su haɗu a yi ciyayya, kowa ya ɗanɗana miyar gidan ɗan'uwansa. Wanda bai da shi a ranar ya ci, babu mai sanin gidan da ba a ɗora tukunya ba.

Baƙo kuwa haƙƙinsa yana wuyan gari. Idan ya iso, sai ya nufi gidan mai unguwa ko dagaci ko liman, a ba shi ruwa, a dama masa fura, da dare a aiko masa da tuwo daga gidaje biyu ko uku. Ɗan kasuwa yana da fatomansa, wanda zai saukar da shi, ya ciyar da shi, ya kuma haɗa shi da masu saye. Wannan shi ne dalilin da ya sa garuruwanmu suka daɗe ba su da wani gini na musamman da ake kira gidan abinci. Zaure ya riga ya ɗauke wannan nauyi.

Kasuwa da Zango

Duk da haka sayar da dafaffen abinci ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Baturen nan Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, ya ba da labarin masu gashi a kusa da mahauta, sun kakkafa tsinkayen nama kewaye da wuta, ga masu saye a tsugune, ga kuma masu sayar da ruwan gero a gefe. Wato dai tsire da kunu ko farau-farau. Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, shi ma ya ga mata suna sayar da abinci a bakin hanyoyin da ke shiga manyan garuruwa.

Masu sayen irin wannan abinci su ne waɗanda ba su da tukunya a kusa: fatake, da 'yan alaro, da gwagware, da masu cin kasuwar ƙauye. Ayari idan ya ya da zango a bayan gari, matan garin ne ke fitowa da ƙoren fura da tuwo da dambu, a biya su da wuri. Sai dai a rabin ƙarshe na ƙarni na 19, hare-haren Ningawa sun addabi kudu maso gabashin ƙasar Kano, kuma yankinmu yana bakin wannan iyaka. Inda hanya ba ta da aminci, ayari ba ya yawaita, ciniki kuma sai ya koma cikin ganuwa.

A cikin ganuwar kuwa akwai wata kasuwa da ido ba ya gani. Matan aure suna soya ƙosai da waina, suna yin ɗanwake da alale da ƙuli-ƙuli a cikin gida, yara su ɗauka su kai talla. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda wannan sana'a take a ƙasar Zazzau, Polly Hill kuma ta yi nazarinta a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960. Abin da suka bayyana shi ne abin da na tashi na tarar a unguwanninmu: da ribar waina ake tara kwanonin auren 'ya, da ita ake zubin adashi. Don haka zan iya cewa gidan abincinmu na farko shi ne tsakar gidan iyayenmu mata.

Zuwan Mota da 'Yan Tuwo-tuwo

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, kuɗin Turawa suka maye gurbin wuri. Haraji ya koma na tsabar kuɗi, samari suka riƙa fita cin rani. Bayan haka motoci suka fara bin hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu, wadda a wajen Babaldu take haɗa matafiyi da Ningi da Bauci. Direba da yaron mota da ɗan kamasho ba su da lokacin neman gidan mai unguwa. Mota za ta tsaya na ɗan lokaci ne ta wuce, ga fasinja cike, kowa da yunwarsa.

A nan ne rumfar 'yan tuwo-tuwo ta samu gindin zama a tasha. Yawancin masu wannan sana'a zawarawa ne da dattijai mata waɗanda kulle bai hau kansu ba. Kayan aikinsu murhu ne da manyan tukwane da benci da tulun ruwa. Akan sayi tuwo malmala-malmala, nama kuma yanka-yanka, gwargwadon ƙarfin aljihu, daga taro da sisi har zuwa lokacin da naira da kwabo suka shigo a 1973. Jama'a sun daɗe suna yi wa sana'ar kallon raini, amma da ita mata da yawa suka riƙe marayu, suka gina ɗakuna, wasu har suka sauke farali.

Kasuwannin mako su ma sun taka rawa. A babbar kasuwa irin ta Sara da ke ƙasar Gwaram, inda hatsi da dabbobi ke tara mutane daga nesa, layin masu abinci ba ya rabuwa da hayaƙi tun hantsi har la'asar: ga masu waina da miyar taushe, ga tukubar mai tsire da balangu, ga matan Fulani da ƙoren nono da kindirmo.

Makaranta da Asibiti da Sabuwar Jiha

Abu na biyu da ya sauya al'amarin shi ne zuwan ma'aikata. Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu ta tara ɗalibai da malamai daga sassa daban-daban, cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta har da Alhaji Aliko Ɗangote. Asibitin garin, wanda ya zama na Gwamnatin Tarayya a shekarar 2000, da makarantar koyon aikin jinya, sun jawo ma'aikata da masu jinya waɗanda kan kwana da kwanaki nesa da gida. Ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970 ya sa kuɗi a hannun ma'aikaci, sai shinkafa, wadda a da abincin salla ce da biki, ta zama ta yau da kullum. Teburin mai shayi da burodi ya zama majalisar safe da dare.

Da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, zirga-zirga tsakanin Dutse da ƙananan hukumomi ta ƙaru. Siyasa ma ta ƙara wa yankin baƙi, ganin cewa gwamnan farar hula na farko, Ali Sa'ad Birnin Kudu, ɗan nan ne, haka kuma Sule Lamiɗo na Bamaina wanda ya yi mulki daga 2007 zuwa 2015. A wannan zamani ne aka fara ganin gidan abinci mai ɗaki da tebur da kujeru da labule. Labulen nan yana da ma'ana, domin shi ya ba magidanci damar cin abinci a waje ba tare da idon jama'a ba. Kunyar ba ta mutu ba, mafaka aka yi mata.

Baƙin da Suka Zama 'Yan Gida

Yawancin abin da ake sayarwa a gidajen abinci a yau baƙo ne. Garin rogo ya samu shiga ne a shekarun fari da yunwa, ya kuma zauna. Gurasa ta zo Kano ta hannun Larabawan arewacin Afirka kafin ta bazu zuwa garuruwanmu. Teba da sakwara da miyar agushi sun biyo 'yan'uwanmu na kudu. Dunƙulen Maggi ya shiga tukunya ya rage wa daddawa matsayi. Awara ta yaɗu ne bayan da aka ƙarfafa noman waken suya da sarrafa shi daga ƙarshen shekarun 1980. Taliyar Indomie, wadda aka fara yi a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, ta mamaye teburin mai shayi. A manyan birane kuma an samu irin su Mr Bigg's, wanda ya fara a Legas a 1986, suka koya wa matasa ɗaukar abinci a leda da roba.

Ban ga laifin baƙon abinci ba. Masara da rogo da gyaɗa da tumatir da barkono duk asalinsu daga nahiyar Amurka ne, ga shi yau ba mai ce musu baƙi. Damuwata ita ce baƙo ya kori ɗan gida. Ka shiga gidan abinci ka nemi tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa da man shanu, sau da yawa sai a ce sai dai na shinkafa ko na semo. Burabusko da dambun gero da tubani da kunun kanwa sun koma sai an yi sa'a. Dalilan a fili suke. Surfe da daka da tankaɗe aiki ne mai cin lokaci, itace ya yi tsada, ana sare ɗorawa ba a dasa wata, sannan mai saye da kansa ya ɗauka cin shinkafa shi ne wayewa. Tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ta ƙara matse mai dafawa da mai ci baki ɗaya.

Ina Ake Samun Na Ƙwarai?

Ga wanda ke neman abincin gargajiya mai kyau a wannan yanki, ga abin da na lura da shi. Na farko, kowane abinci da lokacinsa: koko da ƙosai da waina da sassafe, ɗanwake da hantsi, fura da rana, tsire da la'asar, tuwo da almuru. Wanda ya nemi waina da azahar, saura zai samu. Na biyu, a bi inda direbobi da dattawan gari suke ci, domin su ba ado ke kai su ba. Na uku, ranar kasuwa ta fi kowace rana, saboda nama sabon yanka ne, nono kuma na safiyar ne. Na huɗu, a duba tsafta kafin daɗi: ruwan wanke kwano, da murfin tukunya, da nisan rumfa daga kwata. Na biyar, mafi daɗin abinci har yanzu yana cikin gidaje. A tambayi yaran unguwa gidan da aka fi yin dambu ko ɗanwake, za su kai mutum har ƙofa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa ciyar da baƙo ya tashi daga zaure ya koma zango, daga zango ya koma tasha, daga tasha ya shiga gidan abinci. A kowane mataki mata ne suka riƙe murhun, amma su ne tarihi ya fi mantawa da su. Ina kira ga malaman makaranta da su tura ɗalibai wurin kakanninsu a Kantoga da Sundumina da Wurno da Kila da Fagam da Basirka, su rubuto sunayen abinci da miya da yadda ake yin su, da sunayen kayan girki irin su akushi da mara da maburgi da madambaci. Dattawa kuma su daure su ba da abin da suka sani tun ana iya tambayarsu. Hukumomi su sa dashen kuka da ɗorawa da tsamiya cikin shirin dashen itatuwa, masu gidajen abinci su ware ko da tukunya ɗaya ce ta tuwon dawa ko na gero. Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Idan muka bari ta ƙare a hannunmu, jikokinmu za su san sunan burabusko a takarda, amma ba za su san ɗanɗanonsa ba.