Tarihin Salon Moeller a Kiɗan Ganga

Salon Moeller hanya ce ta sarrafa hannu wajen buga ganga da sanduna biyu, wadda ke ba makaɗi sauri da ƙarfi tare, ba tare da hannu ya yi saurin gajiya ba. An laƙaba masa sunan Sanford A. Moeller, makaɗi kuma malamin kiɗa ɗan Amurka, amma salon ya girme shi. Tushensa yana cikin kiɗan sojan Amurka na ƙarni na 19.

A zamanin yaƙin basasar Amurka, daga 1861 zuwa 1865, ganga ce bakin kwamanda. Ita ke tayar da sojoji da asuba, ta kira su fareti, ta daidaita musu taku a kan hanya, ta sanar da lokacin kwanciya. Da yawa daga cikin makaɗan yara ne matasa. Gangar tasu mai fatar maraƙi ce, ana ɗaure ta da igiya, a rataya ta a kafaɗa har ta karkata gefe. Wannan karkatar ce ta sa hannun hagu ke riƙe sanda ta ƙasa, a tsakanin babban yatsa da manuni, hannun dama kuma ya riƙe ta sama. Aikin yana bukatar amo mai kaiwa nesa a fili, kuma a yi ta bugu na tsawon sa'o'i. Wanda ya damƙe sanda da ƙarfin tsiya, tun kafin rana ta take damtsensa ya ƙage. Dole ta sa makaɗan suka koyi sakin hannu. Littattafan lokacin, irin wanda George Bruce da Dan Emmett suka fitar a 1862, sun adana kiɗe-kiɗen, amma motsin hannun da ido ake ɗaukarsa daga na gaba.

A farkon ƙarni na 20 Moeller ya riƙa neman waɗannan tsofaffin makaɗan yaƙi, yana kallon yadda suke bugu. Abin da ya ja hankalinsa shi ne mutanen da suka manyanta suna fitar da amo mai kauri ba tare da wata alamar wahala ba. Ya tattara abin da ya gani ya tsara shi darasi-darasi, kamfanin ganguna na Ludwig da ke Chicago ya buga littafin a 1925. Moeller bai ce shi ya ƙirƙiro salon ba. Adana shi ya yi don kada ya bi masu shi kabari. A 1930 ya yi tattaki daga New York zuwa Boston yana kaɗa ganga a hanya, abin da ya nuna irin juriyar da salon ke bayarwa. Ya kuma ƙera ganguna masu igiya irin na dā.

Jigon salon motsi ne irin na bulala. Gwiwar hannu ce ke fara ɗagawa, wuyan hannu ya biyo ta a sake, kan sanda yana langaɓe yana kallon fata. Da gwiwar ta sauko, sai wuyan hannu ya fizgo sandar ta faɗa da nauyin hannu gaba ɗaya. Wannan shi ne bugun sauka, mai amo. Fata za ta maido da sandar, makaɗi ya bar ta ta sake taɓawa a hankali, bugu na biyu ke nan. Yayin da hannu ke komawa sama don shirin wani zagaye, kan sandar ya sake sauka ya taɓa fata, ya ba da bugu na uku. Motsi ɗaya na hannu ya haifi bugu uku, ɗaya mai ƙarfi, biyu masu laushi. Daga nan sauri ke fitowa, domin aikin ya rabu tsakanin kafaɗa, damtse, wuyan hannu da yatsu, kuma nauyin hannu da dawowar sanda suna ɗauke rabin wahala. A hannun dama, Moeller ya fi son sanda ta zauna a wajen ƙaramin yatsa, saboda hakan na barin tafin hannu a sake, ya rage girgizar da ke shiga gaɓoɓi. Mai koyo yakan fara da motsi babba a hankali, sannan ya riƙa ƙanƙanta shi har ya kusa ɓacewa daga ido.

Almajiran Moeller ne suka fitar da salon daga filin fareti zuwa kiɗan jazz. Gene Krupa, wanda ya yi suna a ƙungiyar Benny Goodman a shekarun 1930, ya yi karatu a wurinsa. Jim Chapin shi ma almajirinsa ne, kuma shi ya fi kowa yaɗa salon. Littafinsa na 1948 ya shahara wajen koyar da yadda kowane hannu zai yi aikinsa dabam, sannan ya shafe shekaru yana nuna motsin Moeller a tarukan makaɗa da faifan bidiyo har rasuwarsa a 2009. Daga baya malamai irin su Dom Famularo, da Jojo Mayer ɗan Suwizalan a faifansa na 2007, suka kai shi ga sabbin makaɗa.

A yau ana koyar da salon tare da hanyoyin George Lawrence Stone da Billy Gladstone, waɗanda suka fi mai da hankali kan dawowar sanda da aikin yatsu. Malamai sun ɗan saɓa kan yawan ɗaga gwiwar hannu da wurin riƙon sanda, amma makaɗan jazz da rock da na badujala duk suna amfani da shi, ko da riƙon gargajiya irin na makaɗan soja ko da riƙo iri ɗaya a hannu biyu.