Zangon Da Jirgi Ya Tsallake

Tsakanin filin jirgin sama na Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Katsina da na Malam Aminu Kano akwai tazarar kimanin kilomita 150 in aka miƙe ta sama, tafiyar da ba ta wuce rabin awa ba. Kankiya da Kusada na zaune a tsakanin filayen biyu, kuma babu wadda ke da nata. Abin da nake son dubawa shi ne yadda gajartar tafiya ta sauya darajar waɗannan garuruwa.

A ƙarshen Janairun 1851 Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya bar Katsina. Ya bi ta Kusada da Bichi, bai shiga Kano ba sai 2 ga Fabrairu. Ya tarar da Kusada gari mai ganuwa kuma mai muhimmanci. Dalili a bayyane yake: a zamanin jaki da raƙumi da zango ake auna nisa, kuma duk inda fatake suka sauke kaya sai an sayar musu da fura da harawa, an ba su masauki. Jinkirin tafiya shi ne abincin garuruwan hanya.

Da mota ta zo, kwana huɗu suka koma 'yan sa'o'i. Babban titin Kano zuwa Katsina ya ratsa Kankiya, ta samu tasha da ciniki, Kusada kuwa ta koma gefe. Sannan ga jirgin sama. A Nuwamban 1925 jirage uku na sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka Kano, kuma a 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigila tsakanin Khartum da Kano. Katsina, wadda ta zama jiha a 1987, ta samu nata filin, inda alhazanta ke tashi zuwa Saudiyya. Kakanninsu kuwa kan share shekaru a ƙasa, ta Barno da Cadi da Sudan, wasunsu ma can suka zauna.

Wannan ci gaba ne da ba na musu a kansa. Sai dai jirgi ba ya yada zango, kuma amfaninsa na ga tafiya mai nisa. Mutumin Kusada da ke son zuwa Kano ba zai koma Katsina neman jirgi ba, domin kafin ya isa filin, mai mota ya wuce Bichi. Nisan da ya dame shi shi ne na ƙofar gidansa zuwa kwalta, inda zai fitar da gero ko ya kai mai naƙuda asibiti.

Saboda haka nake ganin duk gwamnatin da ke alfahari da filin jirgi, wajibi ne ta kula da hanyoyin da ke kai talaka gare shi. Kusada ta ciyar da matafiya lokacin da tafiya ke da wuya, bai kamata sauƙin tafiya ya mantar da mu ita ba.