Lambun Jafanawa a Tsakar Gidan Kano: Tsari da Abin da Zai Yiwu

Lambun gargajiya na Japan ya kasu gida-gida, amma nau'i biyu ne suka dace da matsattsun gidajen Gyadi-Gyadi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni: busasshen lambu, wato karesansui, da ɗan lambun tsakar gida da ake kira tsuboniwa, wanda 'yan kasuwar birnin Kyoto suka riƙa yi domin iska da haske su ratsa dogayen gidajensu.

Busasshen lambu ba ya buƙatar ruwa. Tsakuwa ake shimfiɗawa, a ja mata layuka da manjagara ta yi kama da igiyar ruwa, duwatsu kuma su tsaya a matsayin tsibirai. Mafi shahara shi ne na wurin ibada na Ryoanji a Kyoto, mai duwatsu 15 cikin rukuni biyar, waɗanda ba a iya ganinsu duka daga wuri ɗaya a barandar. Littafin Sakuteiki na ƙarni na 11 ya ɗauki kafa dutse a matsayin tushen aikin baki ɗaya. A al'adance ana jera duwatsu uku-uku ko biyar-biyar, a binne gindin kowanne har ya zama kamar a nan ya tsiro.

Ga mai sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Akwai kuma batun ambaliya: tsakuwa tana barin ruwan Agusta ya nutse cikin ƙasa, alhali simintin da ake malale tsakar gida da shi kwata yake tura shi, ya kuma riƙe zafin Afrilu har dare.

Gansakukar da ke ƙawata lambunan Kyoto ba za ta jure hunturun Kano ba. Lalle da rumman sun fi dacewa, a riƙa yi musu aski. Kwamin ruwa na dutse kuwa gara a haƙura da shi, domin matattarar sauro ce. Farar tsakuwa ma tana kashe ido da rana, launin toka ya fi sauƙi.

Jafanawa suna da wata dabara da suke kira shakkei, wato aron abin da ke bayan katanga ya zama ɓangaren lambu. A Gyadi-Gyadi, darbejiyar maƙwabci ta isa, muddin ba a sare ta an gina shago ba.