Vampire: Kalmar da Aka Tono Daga Kaburburan Sabiya

A shekarar 1718, yarjejeniyar Passarowitz ta mayar da arewacin Sabiya daga hannun Daular Usmaniyya ta Turkiyya zuwa hannun Ostiriya. Sababbin masu mulkin sun tarar da wata al'ada da ta ɗaure musu kai: idan mutuwa ta yawaita a ƙauye, sai a tone kabarin wanda ake zargi, a soke gawarsa da tsinin itace, a ƙone ta. Sunan irin wannan mamaci a bakin mutanen ƙasar shi ne vampir.

A 1725, jami'in gwamnati Frombald ya shaida yadda aka yi wa gawar Petar Blagojević haka a ƙauyen Kisiljevo, kuma wata jaridar Biyana ta buga rahotonsa. A farkon 1732, likitan soja Johann Flückinger ya rubuta makamancinsa daga Medveđa. A cikin wannan shekarar kalmar ta isa jaridun Landan.

Saiwarta kuwa ta girmi waɗannan rahotanni nesa ba kusa ba. Tana da 'yan'uwa a harsunan Silabiyawa, kamar upyr a Rashanci da upiór a harshen Folan. Wasu masana suna danganta ta da ubyr, wato mayya a harshen Tatar, wasu kuma suna ganin asalinta na Silabiyawa ne. Sai dai vampir ya bambanta da maye na Bahaushe: shi maye rayayye ne mai kama kurwa, shi kuwa wancan matacce ne da aka ce yana fitowa ya sha jinin danginsa.

Alamomin da suka firgita ƙauyawa duk aikin ruɓewa ne. Iska tana kumbura gawa har ta yi kamar ta ƙoshi, ta kuma turo ruwa mai kama da jini ta baki, fata kuma takan janye har farce ya yi kamar ya ƙara tsawo. Bayan binciken likitanta Gerard van Swieten, sarauniya Maria Theresa ta hana tonon a 1755.

Hanin bai kashe kalmar ba, sai ma ta sauya riga. John Polidori ya mayar da manomin Sabiya basarake a labarinsa na 1819, Bram Stoker ya kammala aikin da Dracula a 1897. Karl Marx kuwa, a 1867, ya siffanta jari da ita, domin yana rayuwa ne da tsotsar gumin ma'aikaci. Sunan da talaka ya laƙaba wa maƙwabcinsa da ya mutu, ƙarshenta ya koma kan manya masu rai.