Daga Fort-Lamy zuwa N'Djamena: Girman Gari da Sauyin Sunansa

An kafa Fort-Lamy ranar 29 ga Mayu, 1900, a mahaɗar kogin Shari da Logone, daura da Kusuri. Jami'in Faransa Émile Gentil ya raɗa masa sunan Lamy, hafsan Faransa da ya mutu rana ɗaya da abokin gabansa Rabe a yaƙin Kusuri, ranar 22 ga Afrilu na shekarar. A 1973 Shugaban Chadi Tombalbaye ya sauya sunan zuwa N'Djamena. Wannan ba abin jayayya ba ne.

Inda ake saɓani shi ne ra'ayin da ke cewa garin ƙirƙirar Turawa ne ɗungurungum, sauyin sunan kuwa ado ne na siyasa kawai. Babbar hujjar masu wannan ra'ayi ita ce bariki da ofisoshin mulki su suka jawo jama'a. Hujjar tana da ƙarfi, amma da wuya ta wadatar. Bariki yana tara soja da ma'aikata. Ba ya bayyana yadda fatake da malamai Hausawa da Barebari suka kafa unguwanni. Garin yana kan hanyar alhazai masu tafiyar ƙasa zuwa Makka ta Sudan, kuma da yawansu sun yada zango, zaman ya zarce (Works, 1976).

Ana iya cewa tsaron da Faransa ta samar ne ya ba su damar zama. Ko an yarda da haka, bunƙasa mafi girma ta zo ne bayan 'yancin kai na 1960. Fari da yaƙin basasa sun koro mutanen karkara, har ƙidayar 1993 ta sami sama da mutum 500,000, ta 2009 kuma kusan miliyan ɗaya. Unguwanni irin su Diguel, a gunduma ta 8, ba tsarin Gentil ne ya haife su ba.

Game da suna, dole a taƙaita da'awa. Babu shakka manufar Tombalbaye ta komawa ga al'adun gida siyasa ce. Ita ce ta mayar da Fort-Archambault Sarh. Sai dai sunan N'Djamena na wani ƙauyen Larabawa ne da ke kusa, ba ƙagen fada ba. An kashe Tombalbaye a juyin mulkin 1975, gwamnatoci suka yi ta sauyawa, babu wadda ta dawo da Fort-Lamy. Wannan bai tabbatar da cewa jama'a ne suka nemi sauyin ba, amma yana nuna sun karɓe shi.